Kilo Biyu a Wutsiyar Jirgi

Ƙarar ta fara ne bayan sallar isha, a cikin sanyin ƙarshen shekarar 2012. Ina zaune a ɗakin da 'yata Khairat ta ba ni, a hawa na shida na gidanmu da ke unguwar Hayyin Ashir a birnin Alƙahira, sai na ji dum, dum daga saman kaina. Kamar ganga, amma ba irin wadda mutum zai taka rawa da ita ba. A buga sau biyu, a yi shiru, a matsa gaba kaɗan, a sake bugawa. Shekara arba'in na yi ina dukanci a Kano, na san muryar fata idan ta ja sosai. Wannan ba fata ba ce.

"Tantabarun maigadi ne, Baba," in ji Khairat. "Ka kwanta."

Tantabara ba ta buga ganga. Gari na wayewa na kama matakala na hau rufin gidan, wanda a nan ake kira suɗuh.

A bayan tankunan ruwa da igiyoyin shanya an kafa wata rumfa da irin zanen nan mai ja da shuɗi da Misirawa ke kewaye wurin zaman makoki da shi. Na ɗaga gefen zanen. Na leƙa.

Jirgin sama ne. Ko in ce ƙasusuwan jirgin sama, don ba shi da fata. Ƙarafa sirara kamar karan dawa an haɗa su, ga taya biyu a gaba, ga ƙarama a baya, ga kujera ɗaya tak a tsakiya. A gefe an jingine fiffike biyu, kowanne ya fi tsawon kwale-kwale, haƙarƙarinsu a fili. Wani mutum gajere mai kauri yana durƙushe gaban wani ƙaramin allo da aka ja wa farin yadi, yana ƙwanƙwasa shi da yatsa. Dum, dum.

Na san shi a matakala. Benjamin ne, na hawa na uku, mutumin Kafanchan. Tsohon makanikin jiragen soja ne, yanzu kuma shi ke kula da janareto da na'urorin sanyi na ofishin jakadancinmu a Zamalek.

"Baba Ɗantsoho, ka kama ni," ya ce. "Shigo ka saki zanen, kada duk unguwa ta gani."

"Injiniya, wannan na wasan yara ne ko na gaske?"

"Na gaske. Mutum ɗaya yake ɗauka."

"Wane mutum?"

Ya nuna ƙirjinsa.

Ya ba ni labarin. Wani Bature ma'aikacin jakadanci ne ya shigo da shi a akwatuna, gunduwa-gunduwa, da littafin da ke faɗin yadda ake haɗawa. Bai kai rabi ba aka fara zanga-zangar 2011, ƙasarsa ta kira shi cikin kwana biyu. Benjamin ne ke gyara masa janareto, sai ya bar masa komai. Shekara ashirin da biyu Benjamin yana gyara jirage wasu na tashi da su. Ya koyi tuƙi, yana da takarda, amma bai taɓa tashi da abin da hannunsa ya haɗa ba.

Na duba ɗinkin da ya fara a fiffike, na kasa yin shiru.

"Wa ya yi maka wannan ta'asa?"

"Ni ne. Me ya same shi?"

"Ko buhun gawayi ba a yi wa irin wannan ɗinki."

Ya yi dariya, ya miƙo mini basillar. Tsawonta ya kai kamu guda. Aikin ido ne ya kawo ni Alƙahira, aka cire mini yana, Khairat ta hana ni komawa. Wata takwas ina da sababbin idanu ban sami abin kallo ba sai bangon maƙwabta. Ranar na sami aiki.

Yadin ba irin namu ba ne. Ana shimfiɗa shi a kan ƙarfe da gam, a bi shi da dutsen guga, sai ya tsuke ya ja kamar fatar kalangu. Daga nan a ɗinke shi da haƙarƙarin fiffike, ƙulli bayan ƙulli, tsakanin kowane biyu faɗin yatsa huɗu. Benjamin yana karanta littafin yana fassara mini, don ni bokona a aji huɗu ya tsaya. Ya gaya mini yadin a ƙirge ya zo, ba a sayar da irinsa a Masar, in aka yi odarsa sai ya yi watanni a tashar ruwa. Saboda haka ko ƙyalle ba ma zubarwa.

Wata huɗu muka yi a kan fiffiken nan biyu. Wani lokaci ina ɗinki sai in tsaya ina tunanin iskar da za ta bi ta kan zarena. Iskar da ke can sama, wadda ba ta taɓa shiga hancin kowa ba. Ko tana da ƙamshi? Na tambayi Benjamin, ya ce warin fetur kawai zan ji.

Abin da ya fi ba ni mamaki a aikinsa shi ne awo. Komai sai ya hau sikeli. Ƙusa, waya, fenti, har matashin kujera. Injin da ya zo da jirgin ya yi tsatsa a ajiya, sai ya sa wani da ya fi shi nauyi, ya mai da batir bayan kujera don nauyin ya daidaita, ya rubuta duka a wani littafi mai baƙin bango. Wata rana ya ba ni galan na ruwa ya ce in rungume. Na rungume. Ya ce in miƙe hannuna da shi. Kafin ya ƙirga goma kafaɗata ta fara rawa.

"Ruwan bai ƙaru ba," ya ce. "Nisa ne ya ƙaru. Haka wutsiyar jirgi take. Abin da ka sa can baya, ko kaɗan ne, ya zama babba. In wutsiya ta yi nauyi, hanci ya ɗaga sama ya ƙi sauka, sai jirgi ya faɗo kamar dutse."

Na ce na gane. Na ɗauka na gane.

Sirrin bai daɗe ba a gidan. Ammu Hasan, maigadinmu Bamisire, shi ne mai makullin suɗuh, shi ya ma samo zanen makokin. Inna Baraka ta hawa na biyar, Bahaushiyar Sudan da ke yin kisra, wata gurasar dawa mai faɗi, tana sayarwa, kullum tana sama wajen shanya. Ita ce ba ta taɓa ganin abin da kyau ba.

"Ɗana, mutumin da ke da mata da 'ya'ya uku zai shiga cikin kwando ya hau sama?" ta ce wa Benjamin. Ta juyo kaina. "Kai kuma tsoho, maimakon ka hana shi, kana ɗinka masa likkafani."

"Fiffike nake ɗinkawa, Inna."

"Da farin yadi ne dai, ko? Khalas, shi ke nan, ni na faɗa."

Matar Benjamin, Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce. Ita ba ta taɓa cewa komai ba. Ta kan kawo mana shayi, ta tsaya ta dubi kujerar nan guda ɗaya, ta sauka.

A watan Mayun 2013 takarda ta zo cewa aikin Benjamin a Masar zai ƙare ƙarshen Yuni. Jirgin ba zai bi shi gida ba, babu wurinsa a kayan ma'aikaci irinsa. Akwai wata ƙungiyar masu ƙananan jirage a hamada, bayan gari. Babbansu, wani tsohon kyaftin, ya yarda zai zo ya duba sau ɗaya, ranar Asabar ta biyu a watan Yuni, don bayan nan zai yi tafiya. In awon jirgin ya dace da littafi, zai sa hannu a kai shi filinsu Benjamin ya tashi. In bai dace ba, shi ke nan. Jirgin zai zauna a suɗuh tantabarun Hasan su yi ta kashi a kansa.

Abin da ya rage mana shi ne rufe cikin wutsiya. Na ɗinke shi saura wata kafa da hannu zai iya shiga, sai gam ya ƙare. Kwana uku kafar nan tana buɗe.

A gidanmu ba a barin mutum ya yi tafiya hannu rabbana. Mahaifina ko Wudil za shi sai an ɗaura masa laya, ni ma da ita na zo Masar a damtsena. Benjamin Kirista ne, ban san yadda zai ɗauki maganar ba, kuma na san zai ce sai ta hau sikeli. To ta yaya za a auna abu irin wannan? Na kwance tawa, na sake mata sabuwar fata ja, na ɗora ta a tafin hannuna. Ba ta kai nauyin goro ba. Da hantsi, Benjamin yana wurin aiki, na zura hannu ta kafar nan har kafaɗa. Na laluba na ji wata waya a miƙe, na ɗaure layar a jikinta da ƙulli uku don kada ta yi yawo. Na zaɓi wutsiya ne saboda Benjamin kullum yana gaba wajen inji. Da gam ya zo, na rufe kafar da ɗinkin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Aka yi fenti.

Ranar Laraba muka ɗaura fiffike, muka tura jirgin kan sikeli uku, kowace taya da nata. Benjamin ya duba na baya. Ya duba littafinsa. Ya sauke jirgin, ya hau sikelin da kansa don ya ga ko ya lalace, ya sake tura jirgin.

"Baba, karanta mini wannan lambar."

Na karanta.

"Ba zai yiwu ba," ya ce a hankali. "Kusan kilo biyu. Daga ina?"

Ammu Hasan ya ce da Larabci, "Ma'alish ya basha, ba komai ranka ya daɗe, abu mai sauƙi ne. A sa bulo ɗaya a gaba, sai su daidaita."

"Ba zan tashi da nauyin da ban san sunansa ba," in ji Benjamin.

Ya ɗauki hutu ranar Alhamis. Tun safe yake kwance abubuwa yana aunawa. Ya cire batir, ya cire tayar baya, ya lissafa fenti gwangwani-gwangwani. Leɓensa ya bushe. Ni kuwa ina gefe ina gaya wa kaina goro ɗaya ba ya zama kilo biyu. Amma galan ɗin ruwan nan ya ƙi fita daga kaina. Tuwon rana ma kasa ci na yi.

Bayan la'asar duk muna sama. Rifkatu ta dawo daga aiki ta kawo shayi, Inna Baraka tana kwashe shanya, Hasan yana watsa wa tantabaru hatsi. Benjamin ya kama wutsiyar ya ɗaga ta sama don ya mai da taya. Sai wani abu a ciki ya gangara, ya bugi ƙarfe. Ƙwal.

Ya tsaya cak. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Ƙwal.

Ya ajiye wutsiyar, ya je akwatin kayan aiki ya ɗauko wuƙa.

"Injiniya, tsaya," na ce. "Ni ne. Laya na sa maka."

Ya juyo ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Kai, Baba? Kai da na ba galan?"

"Ba ta kai goro ba, wallahi. Fata ce da takarda."

"Fata ba ta cewa ƙwal."

Ya durƙusa, ya soka wuƙar a tsakiyar ɗinkina. Yadin ya tsage da ƙara kamar an mari mutum. Ya zura hannu.

Abin da ya fara fitowa takalmin doki ne na ƙarfe, mai tsatsa, an ɗaura masa wani tafin hannu na tagulla da shuɗin dutsen ado a tsakiya. Benjamin ya ɗaga shi sama. Hatsin da ke hannun Hasan ya zube gaba ɗaya.

"Saboda ido, ya basha," ya ce. "Duk unguwa ta san da jirgin nan. Idon mutanen Ashir yana fasa dutse. A ƙofar gidan mahaifina na ciro shi, a ƙauye. Wallahi don kai na yi."

Benjamin ya ɗora takalmin a sikeli, ya rubuta lamba, ya sake zura hannu. Wannan karon sai da ya ja da ƙarfi. Ƙunshi ne a tsumman atamfa, girman kan jariri. Ya kwance. Gishiri ne, gauraye da habbatus sauda.

"To, sai me?" in ji Inna Baraka, tun kafin a dube ta. Ta riƙe ƙugu. "Mu a Sudan ko amarya ba ta shiga mota sai da shi. Kai za ka shiga sama, inda ba gari ba dangi, in bar ka haka? Uwarka ba ta nan, ni ce a madadinta."

"Inna, ya fi rabin kilo."

"Da rabin cokali zan sa wa ƙato kamarka?"

Benjamin ya auna gishirin, ya rubuta. Ya haɗa lissafi, ya girgiza kai. Bai cika ba. Ya kwanta rigingine a ƙasa, ya tura hannu can ƙurya. Ya daɗe yana lalube. Da ya zaro hannun, yana riƙe da wani littafi mai kauri a cikin leda, an naɗe shi da filastar asibiti.

Bai buɗe ledar ba. Ya san shi. Littafi Mai Tsarki ne na Hausa, na marigayi mahaifinsa, wanda ke zama a kan teburin ɗakinsu. Ya tashi zaune a hankali.

"Rifkatu."

Tiren shayin yana hannunta har yanzu.

"Wata biyu ban yi barci ba, Baban Ya'ƙub," ta ce.

"Ke ma'aikaciyar asibiti ce. Kin san awo. Kin san abin da ɗigo ɗaya na ƙari yake yi wa mara lafiya."

"Na san awo. Na kuma san yadda ake kawo mutane a cikin bargo. Da na ce kada ka tashi, za ka fasa?"

Ya kawar da kai, yana shafa ledar.

"Shi ya sa ban ce ba."

Ni dai na zauna a kan gwangwanin fenti. Mu huɗu, kowa ya hau matakalar nan a ɓoye, kowa ya zura hannu a kafa ɗaya, ba wanda ya san da wani. Ni da nake ganin ni kaɗai na san sirrin wutsiyar nan, ashe kasuwa na ɗinke a ciki.

"Saura taka, Baba," in ji Benjamin. "Ina take?"

"Na ɗaure ta a wata waya."

Ya ɗago kai da sauri. "Wace waya?"

Ya haska tocila a ciki. Ya kira ni in leƙa. Ga layata ja tana rataye, tazarar yatsa uku daga wata 'yar ƙaramar taya da wayar ke bi ta kanta.

"Hasan, je ka ja sandar tuƙi baya," ya ce.

Hasan ya ja. Wayar ta tafi, layar ta bi ta, ta shige bakin 'yar tayar ta cije. Sandar ta tsaya.

"Tura gaba."

Hasan ya tura da hannu biyu. Ko motsi.

"Wannan wayar ce ke ɗaga hancin jirgi ta sauke shi," in ji Benjamin. Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma faɗan ya yi. "Nasu nauyi ne, sikeli ya kama su. Taka sikeli ba zai taɓa gani ba. Da sai ina sama."

Inna Baraka ta ce innalillahi ta toshe baki. Rifkatu ta ajiye tiren a ƙasa ta juya mana baya. Ni na dubi hannuwana. Ƙulli uku na yi, irin wanda ba ya kwancewa, don na iya aikina.

Benjamin ya yanke zaren a hankali, bai bari layar ta taɓa ƙasa ba. Ya miƙo mini ita da hannu biyu.

"Na gode, Baba," ya ce. "Da gaske nake. Amma mai da ita damtsenka."

Na kasa ɗaga ido.

Muka mai da batir da tayar baya, muka sake tura jirgin kan sikeli. Benjamin ya duba lambar, ya duba littafi, ya saki wani dogon numfashi.

"Tamam," ya ce. "Daidai."

Ya buɗe akwatin Baturen ya fito da yadin da ya rage. Ya gwada shi a kan ɓarakar. Kamu biyu ne da ɗan kai, iyakar abin da zai rufe wutsiyar, ba ragowar ko ƙyalle.

"In ka fara yanzu, gam zai bushe gobe, mu yi fenti da yamma. Kyaftin sai ƙarfe goma na Asabar. Za ka iya, Baba?"

"Ka yarda in sake taɓa shi?"

"Wa zai ɗinka, ni? Ka ce ko buhun gawayi ban iya ba. Yalla, ɗauko basilla. Amma ina zaune a nan har ka rufe."

Hasan ya yi dariya, irin ta wanda ya tsallake rijiya. Rifkatu ta share ido ta fara zuba shayin da ya riga ya huce. Na zura zare a basilla.

Inna Baraka ce kaɗai ba ta motsa ba. Kwandon shanyarta yana ƙugunta. Ba wutsiyar take kallo ba. Idonta yana kan fiffiken nan biyu, farare, a miƙe daga wannan gefen rumfa zuwa wancan, aikin wata huɗu, ƙulli fiye da dubu.

"Ɗana," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na cikin fiffiken ma sai an ciro su?"

Basillar ta tsaya a hannuna. Hasan ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Shayin da Rifkatu ke zubawa ya cika kofi ya fara malala a tire. Benjamin yana durƙushe, ragowar yadin a hannu ɗaya, wuƙar a ɗayan.